LibreOffice: Asali, tsari da matsayin manhajar ofis da kowa ke da ikon duba cikinta

LibreOffice tarin manhajojin aikin ofis ne da ake ɗorawa a kan kwamfuta domin rubuta takardu, lissafi a jadawali, shirya bayanin da ake haskawa a allo, da kuma zane. Tana aiki a kan Windows da macOS da Linux, ana kuma sauke ta ba tare da biyan ko sisi ba. Gidauniyar The Document Foundation, wadda ke da rajista a birnin Berlin na ƙasar Jamus, ita ce ke kula da ita.

Manhajoji shida ne a cikinta. Writer ita ce ta rubutu, takwarar Word ta kamfanin Microsoft. Calc ta jadawalin lissafi ce, kamar Excel. Impress na yin aikin PowerPoint, Draw ta zane ce, Base ta adana bayanai, Math kuwa ta rubuta alamomin lissafi. Daga shekarar 2024 aka sauya yadda ake sanya wa sabon fitowa lamba, inda ake amfani da shekara da wata: 24.2 na nufin Fabrairun 2024. Babban sabon fitowa na zuwa sau biyu a shekara, a Fabrairu da Agusta.

Kyauta da 'yanci

Mutane da yawa na ɗaukar cewa rashin biyan kuɗi shi ne abin da ya bambanta irin wannan manhaja. Akwai manhajoji bila adadin da ake bayarwa kyauta amma cikinsu a kulle yake, mai su ne kaɗai ya san abin da suke yi. Abin da ya ware LibreOffice da 'yan uwanta shi ne tushen rubutunta, wato umarnin da masu ƙirƙira suka rubuta wa kwamfuta, a fili yake. Lasisinta, wanda ake kira MPL 2.0, ya ba kowa damar ya yi amfani da ita, ya nazarce ta, ya gyara ta, ya kuma raba wa wasu.

Wannan tunani ya samo asali ne daga Richard Stallman, Ba'amurken da ya ƙaddamar da shirin GNU a 1983, ya kuma kafa gidauniyar Free Software Foundation a 1985. A 1998 wasu masu ƙirƙirar manhaja suka fito da wani suna da ke nufin buɗaɗɗen tushe, domin su jawo hankalin kamfanonin da ke ɗari-ɗari da maganar 'yanci. Ɓangarorin biyu na jayayya kan manufa har yau, amma mafi yawan manhajojin da suke nufi ɗaya ne. Daga cikin fitattun da ake amfani da su a kwamfutar tebur akwai Firefox ta shiga intanet, VLC ta kallon bidiyo, GIMP ta gyaran hoto, Inkscape ta zane, da Audacity da 'yan rediyo ke tace murya da ita.

Daga ɗakin wani matashi zuwa Berlin

Tarihin LibreOffice ya fara ne a 1985, lokacin da wani matashi Bajamushe, Marco Börries, ya kafa kamfanin Star Division yana ɗan shekara 16. Kamfanin ne ya samar da StarWriter, wadda ta girma ta zama StarOffice. A 1999 kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya saye shi, a shekarar 2000 kuma ya saki tushen rubutun ga jama'a da sunan OpenOffice.org. Fitowarta ta farko cikakkiya ta zo a 2002.

Tsawon shekaru goma Sun ne ke riƙe da ragamar aikin, masu ba da gudunmawa daga waje kuwa suna ƙorafin cewa gyare-gyarensu na daɗewa kafin a karɓa. Da kamfanin Oracle ya kammala sayen Sun a Janairun 2010, sai fargaba ta ƙaru cewa sabon mai gida ba shi da sha'awar aikin. Ranar 28 ga Satumba, 2010, wasu jiga-jigan masu aikin suka sanar da kafa The Document Foundation, suka kwafi tushen rubutun suka ci gaba da shi ƙarƙashin sabon suna. Lasisin ne ya ba su wannan dama. Da a ce manhajar a kulle take, da ba su da abin yi illa jiran hukuncin Oracle.

LibreOffice 3.3 ta fito a Janairun 2011. A watan Yunin shekarar Oracle ya miƙa OpenOffice ga gidauniyar Apache, inda take har yanzu, sai dai aikin da ake yi a kanta ya yi ƙasa ainun idan aka kwatanta da na LibreOffice. Sunan OpenOffice ya fi zama a bakin mutane, shi ya sa wasu ke ci gaba da sauke ta ba tare da sanin an bar ta a baya ba.

Wa ke da takardar?

Muhimmin abu a wannan batu shi ne tsarin da ake adana fayil da shi. Wanda ya rubuta takarda a manhajar da kamfani ɗaya kaɗai ya san sirrin tsarinta, buɗe takardar bayan shekara ashirin ya dogara ga rayuwar kamfanin da kuma farashin da ya ga damar sakawa. Ga mutum ɗaya wannan ƙaramar damuwa ce. Ga kotu, ma'aikatar filaye ko ofishin biyan fansho, al'amari ne na haƙƙin jama'a.

LibreOffice na adana fayil a tsarin OpenDocument, wanda ake taƙaitawa da ODF. Ƙungiyar OASIS ta amince da shi a 2005, hukumar daidaita ma'auni ta duniya ISO ta karɓe shi a 2006 da lamba 26300. Bayanin tsarin a wallafe yake, kowa zai iya rubuta manhajar da za ta karanta shi. Fayil mai ƙarewa da .odt a haƙiƙa ƙunshi ne da aka matse. Idan aka warware shi za a tarar da rubutun a wani fayil da ko manhajar rubutu mafi sauƙi za ta iya nunawa. Tsarin Microsoft na .docx shi ma ya samu amincewar ISO a 2008, bayan zazzafar muhawara, amma bayaninsa ya kai dubban shafuka, kuma kwaikwayonsa daidai-wa-daida na wahalar da sauran manhajoji. A Yulin 2014 gwamnatin Birtaniya ta zaɓi ODF a matsayin tsarin musayar takardun da ake iya gyarawa.

Tubalan da ba a gani

Babu babbar manhajar da ake rubutawa daga farko har ƙarshe a wuri ɗaya. Ana haɗa ta ne da ƙananan tubalai, waɗanda masu sana'ar ke kira laburare, kowanne da aikin da ya ƙware a kai. Hunspell ce ke duba kuskuren rubutu a LibreOffice, ita ce kuma ke wannan aiki a Firefox. HarfBuzz ce ke tsara yadda haruffa ke haɗuwa da juna, abin da rubutun Larabci da na ajami ba sa karantuwa sai da shi.

A 2014 gidauniyar ta ƙaddamar da shirin Document Liberation Project, wanda ke tattara tubalan karanta fayilolin da aka rubuta da manhajojin kulle. Akwai libwpd ta WordPerfect, libmspub ta Publisher, libvisio ta Visio, da libcdr ta CorelDRAW. Wannan ta ƙarshe ta shafi masu maɗaba'a da shagunan buga katin biki da fosta a Najeriya, inda CorelDRAW ta daɗe da zama ruwan dare: da ita ne Draw da Inkscape ke buɗe irin waɗannan fayiloli, ko da yake zane mai sarƙaƙiya kan fito da ɗan sauyi.

Dogaro da tubalai na da haɗarinsa. A Maris ɗin 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano ɓoyayyiyar ƙofar kutse da aka dasa a xz, ƙaramar manhajar matse fayil da kusan duk kwamfutocin Linux ke ɗauke da ita. Wanda ya dasa ta ya shafe kimanin shekaru biyu yana taimaka wa mai kula da aikin har ya samu yarda. Buɗewar tushen ce ta sa aka iya bin sawun abin, amma lamarin ya nuna yadda kayan da miliyoyi ke dogaro da su ke rataye a wuyan mutum ɗaya ko biyu 'yan sa-kai.

Gwamnatocin da suka gwada

Birnin Munich ya fi kowa suna a wannan fage. Ya mayar da kwamfutoci kusan 15,000 kan Linux da manhajar ofis buɗaɗɗiya, aka kammala a 2013, sai kuma majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows a 2017. Magoya baya da masu adawa kowa na kafa hujja da Munich. A Afrilun 2024 jihar Schleswig-Holstein da ke arewacin Jamus ta sanar da mayar da kwamfutoci kimanin 30,000 kan LibreOffice, ta kuma bayyana cewa babban dalilinta shi ne riƙe ikon bayanan jama'a a hannunta. Ma'aikatar tsaron Italiya ta fara irin wannan ƙaura tun 2015.

Ƙaura irin wannan na cin kuɗi, domin dole a horar da ma'aikata, a sake gina tsofaffin takardun aiki, a kuma biya kamfanonin tallafi irin su Collabora na Ingila, waɗanda ma'aikatansu suka rubuta kaso mai yawa na gyare-gyaren manhajar.

Inda take da rauni

Takardar Word mai tebura da hotuna da yawa kan karkace idan aka buɗe ta a Writer, galibi saboda rashin nau'in haruffan da aka rubuta ta da su. Nau'in Carlito da Caladea an yi su ne daidai da faɗin Calibri da Cambria, kuma ɗora su na rage matsalar sosai. Jadawalin Excel mai ɗauke da umarnin sarrafa-kai ba lallai ya yi aiki yadda aka saba ba. Babu manhajar imel a cikin tarin, shi ya sa ake haɗa ta da Thunderbird. Aikin mutane da yawa a kan takarda ɗaya ta intanet kuwa na buƙatar wata manhaja dabam.

Ga ɗalibai da shagunan buga takardu da ke amfani da kwafin Office na jabu, lissafin ya bambanta. Kwafin jabu na buƙatar kayan fasa lasisi, waɗanda sanannun hanyoyi ne na shigar da manhajojin satar bayanai. Microsoft kuma ya daina tallafa wa Windows 10 da Office 2016 da 2019 ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. LibreOffice na aiki ba tare da intanet ba da zarar an ɗora ta, tana fitar da PDF kai tsaye, ana kuma iya saita ta ta riƙa adanawa a .docx domin wanda za a aika wa takardar.