Fatsa

fatsa (suna, mace)

1. Ƙugiyar kamun kifi da ake ɗaurawa a bakin zare, zaren kuma a kan sanda ko gora siririya. Akan soka mata tana, fara ko ƙullin tuwo, a ɗaura guntun karan dawa ya yi ta yawo bisa ruwa. Da karan ya nutse, kifi ya haɗiya, sai a fizga. Garaje a nan asara ne, domin karfasa gwana ce wajen tsince abincin ta bar ƙugiya tsirara.

2. Su da ake yi da wannan kaya. A Yekuwa da sauran ƙasar Magarya da Dungas, aikin damina ne zuwa kaka, lokacin da tabkuna ke cike. Yara da matasa suka fi yin sa, don nishaɗi da ɗan abin miya. Tarwaɗa ta fi cin fatsa da almuru. *Misali:* "Yaya, zo mu je fatsa kafin la'asar."

Masunta na sana'a sun fi dogara da birgi, taru da mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi rututu da ake kwana da ita cikin ruwa.

*Duba:* su, homa, ƙugiya.