Baduku da Kuben Makamin da Bai Gani Ba

Ya ɗan'uwa mai karatu, in ka ci kasuwar Mayahi ko ta Tasawa, ka ratsa ta rumfar dukawa. Za ka ga kube rataye, manya da ƙanana, ja da baƙi, babu wuƙa ko ɗaya a cikinsu. To, yaya baduku yake ɗinka wa ƙarfe gida alhali ƙarfen ba ya hannunsa? Dabarar tsohuwa ce, tana kuwa da tarihi a wannan ƙasa tamu.

Ka fara sanin cewa kube ba ado ne kawai ba. In ya matse, takobi ya ƙi fita a sa'ad da ake bukatarsa. In ya yi yawa, takobi ya zame ya faɗi doki na sukuwa, ko ya yanki mai shi. A zamanin da, wannan magana ce ta rai da mutuwa. A 1807 mutanen Shehu Usmanu suka ci birnin Katsina. Gidan sarautar Katsina ya yo arewa, aka kafa Maraɗi wajen 1819, wani reshe kuma ya zauna Tasawa. Shekaru masu yawa ana kai hari ana ramawa. Kowane barde yana bukatar kube da hamila da kayan doki, kowane maharbi yana bukatar kwari. Duk aikin baduku ne.

A watan Janairu na 1851 wani Bajamushe matafiyi ya sauka Tasawa. Sunansa Barth, amma a nan ya kira kansa Abdulkarim. Daga Tasawa ya bi ta Katsina ya shiga Kano, ya rubuta abin da ya gani a kasuwa. A lissafinsa, ana kawo ruwan takobi 50,000 Kano kowace shekara, kowane a kan wuri 1,000. Ɗauki alƙalami ka buga: wuri miliyan 50 ke nan. Kusan duk waɗanda ya gani, ƙirar wani gari ne na Jamus mai suna Solingen. Raƙuma ke ɗauko su ta cikin hamada. Ruwan kaɗai ake kawowa, a nan ake yi masa ƙota, a yi masa kube, sa'an nan Abzinawa da Hausawa da Barebari su saya.

Ka lura da wannan. Takubban da suka fito maƙera guda kusan tsawonsu ɗaya, faɗinsu ɗaya. Baduku in ya san guda, ya san saura. Ba sai ya jira mai takobi ba, yana iya yanka fatarsa tun kafin ayari ya iso.

Wuƙar maƙerin ƙauye kuwa ba haka take ba. Kowace da irin tata. Nan ne awo ya shigo. Awon kakanninmu shi ne kamu da taƙi da faɗin yatsa. Amma taƙin dogon mutum ba ɗaya yake da na gajere ba. In ka aiko yaro ya ce, "Baba ya ce taƙi guda da yatsa uku," baduku zai auna da nasa hannun, kube ya fito ba daidai ba, a yi ta musu a rumfa. Maganin abin shi ne a karya kara daidai tsawon wuƙar, ko a ƙulla zare, a aika da shi. Wanda ya fi wannan, a sassaƙa itace kamar ruwan wuƙar, tsawo da faɗi da kauri, a ɗinka fata a kansa.

Me ya sa itacen ke aiki? Asirin yana wurin majemi. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana da wani hali: in ka jiƙa ta, ta yi laushi, ta bi siffar duk abin da ka naɗa ta a kai. In ta bushe sai ta tsaya a haka. Ita fata ba ta san bambancin ƙarfe da itace ba. Yawancin fatar kamfani da ake jemewa da gishirin Turawa ba ta riƙe siffa haka, masu wannan sana'a kuma suna gudunta don tana iya sa ƙarfe tsatsa. A ganina, a nan bagaruwar bakin gulbi ta fi maganin kanti.

Ja kuma daga karan dafi ake samunsa. Fatar jar akuyarmu ta Maraɗi ita ce ta ado, ga laushi ga ƙarko. Irinta ce fatake suka riƙa kaiwa Tarabulus, Turawa suna saya suna ce mata fatar Maroko. Amma ba ta da kaurin da za ta tsaya ita kaɗai. Jikin kube mai ƙarfi sai kirgi.

Sai bindiga ta zo. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi da yawa, har aka ƙera masa igwa a Zinder. Waɗannan dogaye ne, a kafaɗa ake saɓa su. Ƙaramar bindiga ta ɗamara kuwa, hafsoshin Faransa ne suka yawaita ta a nan. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, har da Birnin Ƙonni. Ran 14 ga Yuli suka harbe Kanar Klobb a Dankori, shi da aka aiko ya tsayar da su. Cikin kwana uku sojojinsu suka kashe su biyun a wajen Maijirgi, gabas da Tasawa. Kaburburansu suna can. Daga nan mulkin Nasara ya kafu, bai kau ba sai 1960.

Libarbar sojan Faransa ta wancan lokaci ana kiranta ƙirar 1892. Inji ne ya yi ta, don haka duk mai wannan suna girmanta ɗaya. Ka ga an komo maganar takubban Solingen. In an faɗi sunan ƙira, an faɗi awo. A Amurka har yau haka masu ɗinkin gidan bindiga suke yi. Suna sayen gwajin kowace ƙira, na roba ko na sanholo, wanda ba ya harbi, su matse jiƙaƙƙiyar fata a kansa. Mai bindiga yana wani gari, gidan bindigarsa ya iske shi daidai.

A ƙasarmu ma dole ce ta sa haka. Soja ko jandarma ba shi da ikon barin bindigar aiki a rumfar wani ta kwana. Kai ma farar hula doka ta hana ka ajiye bindiga ba da takardar izini ba. Tun 1994 gwamnati ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai. Ga shi kuma a shekarun baya ƴan bindiga sun addabi ƴan'uwanmu na Madarumfa da Gidan Runji, suna sace mutane da shanu. Mu nan Gidan Amumune muna jin labarin, muna roƙon Allah a mai da wuƙa kube. Saboda haka in kai baduku ne, baƙo ya zo da irin wannan aiki, ka san ko wane ne shi tukuna. In bai da kakin gwamnati, bai da takarda, ka ba shi haƙuri.

In kuwa mai izini ne, ya ɗora ta a kan takarda a gabanka ya zana gefenta, ya ɗauke abinsa. Kai kuma ka rubuta tsawo da kauri da santimita, tun da yanzu ka iya lamba. Santimita 20 na Mayahi shi ne santimita 20 na Yamai. Kai wa masassaƙi takardar ya fitar maka da itace. Wajen yanka, ka bar ɗan sarari don ɗinki, fata kuma tana ɗan tsukewa in ta bushe. Kada ka shanya ta a rana tsaka ko kusa da wuta, sai ta ƙandare ta tsage. Bar ta a inuwa da itacen a ciki, ta kwana.