Yadda Aka Rataya wa Shehu Takobin Gaskiya a Degel

A Zuru, inda ba wuya ka tarar da wa Musulmi, ƙane Kirista a gida ɗaya, in mutum ya ce wani bawan Allah da ya daɗe da rasuwa ya zo masa cikin barci, ba a yi masa dariya. Tambaya ake yi: me ya ce maka? Wannan sauraro yana da tushe mai nisa a addinan biyu.

Ga Kiristoci, abin ya bunƙasa ne bayan an daina kashe su a daular Rum. A shekarar 415 wani limamin coci mai suna Lukiyan, a wani ƙauye kusa da Ƙudus, ya ce Gamaliyal, malamin nan da ya karantar da Manzo Bulus, ya bayyana gare shi har sau uku, ya nuna masa kabarin Istifanus, shahidin farko. Aka tona, aka raba ƙasusuwan gari-gari har Arewacin Afirka. Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya karɓi wani sashe da murna, amma a littafinsa kan kula da matattu ya ja hankali cewa mai yiwuwa mala'iku ne ke ɗaukar kamannin mamaci, shi kuwa bai ma san an gan shi ba.

Namu labarin ta Bagadaza ya biyo. Can Shehu Abdulƙadir Jilani ya rasu a 1166, ɗariƙarsa ta Ƙadiriyya ta ratso Sahara a hannun malamai da fatake, musamman Kuntawa irin su Sidi Mukhtar, har ta zauna daram a ƙasar Gobir. A Degel, a 1794, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana da shekara 40 da 'yan watanni, ya ga abin da ya rubuta da kansa a littafin Wirdi. An kai shi gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ga annabawa ga waliyyai. Abdulƙadir ya zo da koriyar riga mai kalmar shahada, da rawani, ya zaunar da shi, ya sa masa rigar, ya naɗa shi. Ya kira shi limamin waliyyai, ya umarce shi da horo da kyakkyawa da hani daga mummuna, sannan ya rataya masa takobin gaskiya don ya zare shi kan maƙiyan Allah.

Duk Bahaushe ya san wannan tsari, ai naɗin sarauta ne, riga da rawani da takobi. Sai dai ba Sarkin Gobir ne ya yi naɗin ba, kuma a ganina nan ƙarfin labarin yake. Malamin da ba shi da fada ko dakaru ya sami izini daga inda Alƙalawa, fadar Gobir, ba ta isa ta tuɓe shi ba. Jama'arsa ma da sunan Ƙadirawa aka san su.

Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurinsa. An ba shi takobi, bai zare ba sai bayan shekara 10, lokacin da Sarkin Gobir Yunfa ya matsa, aka yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto a watan Yuni. Kuma da ya zo kafa hujjar hijira da jihadi a rubuce, da aya da hadisi da maganganun malaman Malikiyya ya kafa ta. Da wasu suka fara raɗe-raɗin cewa shi ne Mahadi, ya ɗauki alƙalami ya musa.

Ya rasu a Sakkwato a 1817, ƙanensa Abdullahi kuma yana kwance a Gwandu, cikin jiharmu ta Kebbi. Wanda waliyyi ya ziyarta a Degel, yau shi ake ziyarta a Hubbarensa da ke Sakkwato.