Ranar da jini ya ƙi daskarewa

Jikin mace mai juna biyu yakan yi wa ranar haihuwa tanadi tun da wuri. Sinadaran da ke daskarar da jini suna ƙaruwa, domin idan mabiyya ta fita a samu abin toshe jijiyoyin mahaifa. Tanadin nan yana da kaifi biyu. Idan ya wuce kima, gudan jini ya toshe jijiyar ƙafa ko ta huhu. Idan kuwa mabiyya ta ɓalle kafin lokaci, jiki yana iya ƙarar da sinadaran cikin 'yan sa'o'i, jinin ya tsinke, ya ƙi tsayawa.

Arewa ta fara ganin girman asararta a rubuce ne a Zariya. Daga 1976 zuwa 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka bi diddigin haihuwa 22,774. Kusan mace ɗaya cikin ɗari ta rasu, kuma mafi yawansu ba su taɓa zuwa awon ciki ba.

Abin takaicin shi ne, tun 1962 akwai maganin da zai rage ɓarnar. Wata likita 'yar Japan, Utako Okamoto, da mijinta Shosuke sun samar da tranexamic acid, wanda ke hana gudan jini narkewa da wuri. Don masu jego ta yi shi, amma likitocin haihuwa na ƙasarta ba su yarda su gwada ba. Ta rasu a 2016, shekara guda kafin gwajin WOMAN, da aka yi kan mata sama da 20,000 a ƙasashe 21 har da Najeriya, ya nuna maganin yana rage mutuwar zubar jini da kusan kashi ɗaya bisa uku idan an ba da shi cikin sa'o'i uku. Bai kuma ƙara haɗarin toshewar jijiya ba, abin da aka daɗe ana tsoro.

Saura gane haɗarin a kan lokaci, tunda ƙiyasin ido yaudara ne. Gwajin E-MOTIVE na 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranta a Najeriya, ya shimfiɗa leda mai ma'auni ƙarƙashin mai haihuwa, aka kuma haɗa magungunan a ba da su lokaci ɗaya maimakon bi da bi. A asibitoci 80 na ƙasashen Afirka huɗu, mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin ɗari.