Tallafin BEA: yadda shirin tura ɗaliban Najeriya karatu ƙetare yake, da abin da ya durƙusar da shi

BEA shi ne sunan da aka fi sanin shirin tallafin karatu da Najeriya ke gudanarwa bisa yarjejeniyar ilimi tsakaninta da wasu ƙasashe, ciki har da Rasha da Sin da Hungary da Maroko da Aljeriya da Masar da Sabiya. Hukumar Bayar da Tallafin Karatu ta Tarayya, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi, ita ce, kafin a daina tura sababbin ɗalibai a 2025, take tantance masu nema ta hanyar jarrabawa, sannan ta miƙa sunayen waɗanda suka yi nasara ga ƙasar da za ta karɓe su.

Nauyin ɗalibi a shirin a rabe yake. Ƙasar da ta karɓi ɗalibi ita ke ɗaukar kuɗin makaranta, sau da yawa har da masauki da ɗan abin kashewa. Najeriya kuma ta ɗauki kuɗin jirgi da inshorar lafiya da kuɗin tufafin sanyi da alawus na wata-wata, wanda aka ƙayyade da dalar Amurka. A ƙasashe irin su Rasha, shekarar farko kan tafi ne wajen koyon harshe kafin a shiga ainihin karatun.

Raunin shirin yana cikin wannan rabon. An yi wa ɗalibi alkawari da dala, alhali kasafin da za a biya shi da naira ake tsara shi. Da gwamnati ta saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, kuɗin da aka ware suka gaza. Ɗalibai suka shafe watanni ba a biya su ba, kuma a 2024 aka rage alawus ɗin daga dala 500 zuwa 220 a wata. Neman aiki bai zama mafita ga kowa ba, domin dokar aikin ɗalibai baƙi ta sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa. Rasha ta sassauta tata a 2020, amma ko inda doka ta yarda, ɗalibin likitanci da bai ƙware a harshen gari ba, da wuya ya samu aikin da zai riƙe shi. Yawancin nauyin sai ya koma kan iyaye, waɗanda da ma rashin hali ne ya sa da yawansu suka nemi tallafin.

A watan Afrilun 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya bayyana cewa gwamnati ta daina tura sababbin ɗalibai. Hujjarsa ita ce jami'o'in gida na koyar da akasarin fannonin da ake tafiya karantawa, don haka gara a kashe kuɗin a cikin ƙasa. Hujjar tana da ƙarfi game da sababbin masu nema, sai dai ba ta warware bashin waɗanda aka riga aka tura ba. Asusun TETFund ma ya dakatar da tura malaman manyan makarantu karatu waje daga ranar 1 ga Janairun 2025, saboda tsadar canji da kuma yawan waɗanda ke ƙin dawowa.

Ma'aikatar Ilimi ta ce za ta ci gaba da ɗaukar nauyin ɗaliban BEA da ke waje har su kammala karatunsu.