Daga Inna zuwa jaji: Matsayin mata a harkar ibada a ƙasar Hausa

A duk lokacin da aka tayar da muhawara kan ware wa mata kujeru a majalisun dokoki, akan ji masu cewa shugabancin mace baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Majalisar Dokokin Jihar Kano da aka zaɓa a 2023 tana da kujeru 40, kuma babu mace ko ɗaya a cikinta. Sai dai tarihin ibada a ƙasar Hausa bai gaskata wancan ikirari ba, kamar yadda bai gaskata masu cewa a zamanin da mace da namiji kunnen doki suke ba.

A karkarar arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Dambatta, inda gona ke manne da gona, Musulunci ya daɗe da kafuwa. Amma kafinsa akwai addinin iskoki, wanda Hausawan da ake kira Maguzawa suka riƙe har cikin ƙarni na 20. Masana da dama na ganin sunan ya samo asali daga kalmar Larabci ta Majusawa, wato mutanen da shari'a ta yarda su zauna ƙarƙashin mulkin Musulmi su biya jiziya. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan lardin Kano a 1938 zuwa 1939 ya kuma fitar da littafinsa a 1946, ya bayyana ibadarsu daki-daki.

Ibadar ta kasu biyu. Akwai tsafin gida, inda ake yi wa iskokin da aka gada yanka domin albarkar damina da lafiyar iyali, kuma wuƙar tana hannun maigida. Haka abin yake a Tarihin Kano: Barbushe, namiji, shi kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura ya fito ya faɗa wa jama'a abin da shekara za ta zo da shi. Sannan akwai bori, kuma nan ne fagen mata. Wadda ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa akan yi mata girka, a san iskan da ke kanta. Daga nan ta zama godiyarsa, yana hawanta in an kaɗa garaya ko ƙwarya, ya yi magana da bakinta, ya faɗi magani ko ya nemi abin da yake so, sai ta yi atishawa ya sauka. Maza ma suna hawan bori, amma mata sun fi yawa nesa ba kusa ba. Cikin manyan iskokin kansu akwai mata, irin su Inna, wadda ake kira Doguwa, da Uwar Gona. Abin lura shi ne, matar da ba ta isa ta ɗaga murya a gaban mijinta ba, in iska ya hau ta, dole maigida ya saurara.

Wannan rabon aiki, baki ga mace, wuƙa ga namiji, ya bayyana a wasu tsofaffin addinai ma. A Dalfi ta ƙasar Girka, mace ce ake zuwa wurinta neman jin maganar abin bautarsu Afolo, har da sarakuna. A addinin Yahudawa na da, Debora annabiya ce kuma mai shari'a, sannan wurin annabiya Hulda jakadun Sarki Yosiya suka je da aka tsinci littafin shari'a a Haikali, amma aikin firist da miƙa hadaya na 'ya'yan Haruna maza ne kaɗai. A farkon Kiristanci, Bulus ya ambaci Fibi a wasiƙarsa zuwa ga Romawa a matsayin mai hidimar ikilisiya, sai dai da tsarin bishop-bishop ya kafu, kujerun suka zama na maza.

Inda ƙasar Hausa ta yi fice shi ne, mace ta riƙe sarauta sukutum saboda aikin ibada. A Gobir akwai Inna, wadda ake naɗawa daga cikin matan gidan sarauta. Ita ce shugabar 'yan bori na ƙasa baki ɗaya, tana da fadarta da mutanenta, tana da rabo a harajin kasuwa, kuma ana shawara da ita a sha'anin mulki. A Maraɗi, inda sarakunan Katsina suka koma bayan jihadi, mai irin wannan muƙami ita ce Iya. A wasu garuruwan kuma Magajiya ake ce mata.

Jihadin 1804 ya rushe wannan tsari a ƙasashen da Daular Usmaniyya ta mallaka, har da Kano. Bori ya fita daga fada ya koma cikin gidaje da bayan gari. Sunan Magajiya kuwa ya yi ta gangarowa har ya zama laƙabin shugabar mata masu zaman kansu, wanda ya isa ya nuna yadda darajar kalma ke bin darajar mai ita.

Shugabannin jihadi sun san cewa hana bori kaɗai ba zai wadatar ba, domin matan karkara na neman wadda za su kai wa kukan ciwo da haihuwa da zaman aure. Nana Asma'u (1793–1864), 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ita ta toshe wannan giɓi. Ta kafa 'Yan Taru, inda take naɗa dattijuwa mai ilimi a matsayin jaji, ta riƙa jagorantar mata daga ƙauyuka zuwa ɗaukar karatu, su koma su koyar da 'yan uwansu. Alamar jaji ita ce malfa, kuma Jean Boyd da Beverly Mack, waɗanda suka tattara ayyukan Nana, sun nuna cewa malfa na cikin kayan sarautar Innar Gobir. Wato ta bar wa mata alamar da suka saba girmamawa, ta sauya abin da ke ƙarƙashinta. Wannan dabara ce ta siyasa, ba ta malanta kaɗai ba.

Maguzawa kuwa yawancinsu sun bar addinin kakanni a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, wasu suka musulunta, wasu suka shiga Kiristanci, musamman cocin ECWA da aka kafa a 1954 daga aikin mishan na SIM. A majami'un karkarar Kano, Zumuntar Mata ce ƙashin bayan ikilisiya: su ne da waƙa, da tara gudummawa, da gaida marasa lafiya, da hidimar biki da makoki. Amma ECWA ba ta naɗa mace fasto, haka ma Cocin Angilika ta Najeriya ba ta naɗa mace firist.

Sarautar Inna dai ba ta mutu ba. Har yau ana naɗa ta a Tsibirin Gobir da ke jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, garin da Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836.