Gidajen Zane na Birnin Zariya

Gidajen zane su ne gidajen ƙasa na cikin ganuwar Zariya da aka ƙawata fuskar zaurensu da zane mai tudu. Da tubali ake gina su, a yi rufin azara, a kafa zanko a kusurwoyin soro, sannan a shafe bango da makuba don kada ruwan damina ya ci shi. Tun yaɓe yana ɗanye magini yake fitar da zanen da hannu.

Dagi da takobi suna cikin tsofaffin siffofi. A ƙarni na 20 magina suka ƙara da keke, mota, agogo, har da jirgin sama, don mai wucewa ya ɗaga kai ya gane arzikin mai gida tun kafin ya yi sallama.

Fitaccen maginin birnin shi ne Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarim, cikin shekarun 1830. Har yau akwai unguwa mai sunansa. Abin takaici, gidajen zane da yawa sun rushe, an maye gurbinsu da bulo da kwano.